Baba Ɗan'inna da Matoshin da Ke Ɗago Kai

Duk wanda ya saba bi ta lungun bayan Masallacin Anbariyya da hantsi ya san ƙarar kwalabe a cikin bahon ruwa. Daga wani ɗan shago take fitowa, shagon da in mutum biyu suka shiga sai na ukun ya tsaya a bakin ƙofa. Mai shagon shi ne Baba Ɗan'inna. In ya dawo daga sallar asuba sai ya ɗora tukunya a kan risho, ya zuba guntayen fillin su tafasa. Fillin shi ne ɓawon itacen nan mai laushi da ake kawowa daga Maroko, wanda ake yanka matoshin kwalba da shi. Kafin ya yi laushi, Baba ya wanke kwalaben jiya da ruwan zafi da 'yan tsakuwoyi, ya kife su a kan ƙusoshin da ya jera a jikin katako. Daga nan ya leƙa wajen Abdou mai shayi, maƙwabcinsa mutumin Maraɗi, ya sha kofi ɗaya a tsaye, ya dawo kan buzunsa ya ɗauki wuƙa.

Ba ya aiki da ma'auni. Ƙaramin yatsansa yake zurawa a bakin kwalba ya juya sau ɗaya, sai ya fara fiƙa. Matoshin da zai fito daga hannunsa zai shiga bakin wannan kwalbar kaɗai, in ka kai shi wata sai ka ga ko ya yi mata yawa ko ya yi kaɗan. Masu turare ne abokan hulɗarsa, da masu man habbatussauda, da matan da ke yin ruwan wardi da khal na dabino, wato ruwan tsamin nan da ake kira binega, a gida. Haka yake tun yana saurayi, lokacin da ya iso Madina daga Damagaram ta hanyar Sudan, ya zauna a gaban wani tsoho mai turare ya koyi sana'ar. A watan nan na shekarar 2004 ya rufe shagon bayan shekara talatin da takwas, don idonsa ya daina rabe bakin wuƙa da yatsa. Ba wanda ya shirya masa walima, kuma na san ko an shirya ba zai zo ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

Sunana Badamasi. Aikina harhaɗa magunguna a wani asibiti mai zaman kansa, na zo daga Zariya a 1993, kuma duk Bahaushen unguwarmu ta Aziziyya Duktur yake ce mini, ban taɓa gyara wa kowa ba don sunan yana mini daɗi. Ta hannun mai ɗakina Hannatu na san Baba. Ita ce ke yin khal duk shekara in kakar dabino ta zo, ta jiƙa shi a randa ta rufe da ƙyalle, in ya nuna ta zuba a kwalabe ta raba wa matan da suke karatun Alƙur'ani tare. Ba sayarwa take yi ba. Abin da aka san ta da shi ke nan a unguwa, kuma tana ji da shi fiye da yadda nake ji da takardar digirina.

A shekarun nan ne matoshin roba ya cika kasuwa. Fari tas, duk girmansu ɗaya, ba ya ruɓewa, ba ya ɓarɓashi, ba sai an dafa shi ba. Masu turare da yawa suka koma can, aikin Baba ya ragu sosai. Wani zai zaci ya ɗauki gaba da roba, amma sam. Yana da ita a gwangwani a gefen ƙafarsa. In alhaji ya zo da man zaitun ko khal da ya gama nuna zai sa a akwati ya hau jirgi, Baba da kansa yake cewa a sa roba, don fillin in ya bushe a zafi yakan saki, ya ɓata wa mutum kaya. Kaltuma, 'yar Chadin nan mai ruwan wardi a unguwar Khalidiyya, ta ce mini sau biyu yana mayar da ita gida da robar da ta zo ta canza, ya ce mata tata ta fi dacewa da abin da take yi. Abdou kuma ya ce shekara ashirin suna maƙwabtaka bai taɓa ganin ya toshe kwalba bai sunsuna abin da ke ciki ba, ko da mai ita na ta ƙorafin yana sauri.

Khal ne kaɗai ba ya yarda a yi masa garaje. Ƙa'idarsa ita ce, mace ta kawo kwalba uku daga randarta, ya sa musu fillin ya tura rabi kawai, ya rubuta sunanta da ranar a jiki da alli, ya ajiye a kanta kwana uku. In matoshin yana nan inda ya bar shi, khal ya nuna, a je a ɗura. In kuwa ya ɗago kai, to abin da ke ciki yana aiki har yanzu, a bar shi a randa ya sha iska. Ni a lokacin kallon al'adar tsofaffi nake yi wa wannan, irin wadda ake bari don kada a ɓata musu rai.

A ƙarshen zafin 1998 Hannatu ta ba ni kwalba uku na kai masa. A rana ta uku na biya bayan na tashi aiki, na tarar duka ukun matoshinsu ya taso kusan rabin yatsa. Baba ya nuna mini su ya ce, "Duktur, ka ce wa 'yata ta ƙara kwana ashirin. Lissa, bai kai ba." Na ce to. A mota kuwa sai ilimina ya motsa. A wurin aikina, murfin da ya saki murfin banza ne, kwalbar da iska ke shiga kwandon shara ake jefa ta. Na ce a raina tsohon nan hannunsa ya fara rawa, ya yanka matoshin da bai kama ba, yana so ya ɗora wa khal laifi. Na tsaya a wani kanti na sayi jakar matoshin roba. Da na isa gida na ce wa Hannatu an gwada, ba wata matsala sai ta matoshi, kuma na kawo wanda ya fi. Ta dube ni ta tambaya ko Baba ne ya ce haka. Na ce mata ni da Baba wa ya yi karatun wannan abin? Ranar Juma'a na zauna na ɗura kwalba talatin da hannuna, ina buga kowace roba da ƙotar wuƙa har ta zauna daram, ina jin kaina kamar wanda ya kawo wa gidan ci gaba. Ɗan abin da ya rage a gindin randa ta mayar da ƙyallenta ta rufe.

Abin takaicin shi ne na karanta wannan a jami'a, har na ci jarrabawa a kansa. Dabinon da aka jiƙa yana bi ta wani mataki kafin ya zama khal, kuma iska ce ke fitar da shi daga matakin. In ka toshe masa iska a tsakiyar hanya, a nan zai tsaya ya yi ta ƙarfi, ya zama barasa, abin da ba Musulmin da ke son a gan shi da shi a gida, balle a garin Manzon Allah. Na san wannan a takarda. A gaban randar matata kuwa ko kusa bai zo mini a rai ba.

Kwana tara da rabon kwalaben, ana tsakar zafin azahar, ɗaya ta fashe a kabad ɗin kicin na gidan Malam Abdulazeez, wanda ke koyarwa a jami'ar Musulunci, kuma a gidansa ne matan suke haɗuwa karatu. Allah ya kiyaye ba kowa a kusa. Amma matarsa Nana Khadija da ta shiga ta ji warin da ya cika kicin ɗin, sai ta gane ba warin khal ba ne. Akwai baƙi mata biyu a gidan, su ma sun ji. Kafin la'asar magana ta zagaya Aziziyya ta waya, cewa abin da Hannatu ta raba ba khal ba ne.

Na dawo na same ta zaune a ƙasan kicin, ba ta ko kuka. Ta ce, "Abban Rumaisa, gida talatin na kai wa. In wata ta zuba wa 'ya'yanta a abinci fa? Da wane ido zan ƙara shiga cikin matan nan?" Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na san in maganar ta wuce unguwa, aikina da iƙamarmu, takardar izinin zama a ƙasar, duka suna iya tafiya. Amma wallahi abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin matar da ba ta yi komai ba sai yarda da mijinta, ana shirin kiranta da sunan da ba ya wankuwa. Ban san wurin wanda zan je ba sai wurin mutumin da na raina.

Na same shi yana fiƙa. Na faɗa masa komai ina tsaye, ban rage ba. Na zaci zai ce ai na faɗa maka. Bai ce ba. Ya ajiye wuƙa ya tambaye ni kwalba nawa, kwana nawa, kuma ko na san gidajen. Sai ya ɗauko buhun algarara biyu ya tsoma a bahon ruwa, ya sauko da kwalaben nan uku daga kanta ya naɗe a ƙyalle, ya ce wa Abdou ya duba masa shago. Na ce za mu bi mu tattaro su a but ɗin mota mu kai bayan gari mu zubar. Ya tsaya ya kalle ni.

"Ya Duktur, da wannan za ka yi yawo a titin Madina? In an tsayar da kai me za ka ce? A inda muka same ta a nan za ta mutu. Kwalba wankakkiya kawai za ta shiga motarka."

Baba, kai ne ka shiga gida ashirin da tara cikin yini biyu, daga la'asar ɗin ranar zuwa magariba, da washegari tun hantsi. Hannatu na gaba tana yi mana sallama wurin matan, kai kana biye da jiƙaƙƙen buhu a kafaɗa, ni ina baya kamar wanda aka kamo. Kai ne kake cewa kowa ya fita daga kicin, ka lulluɓe kwalbar da buhu, ka kai ta bakin magudana, ka murɗa robar a hankali tana huci har ta saki, ka zubar, ka bi da ruwa mai yawa. A kowace ƙofa tambayarka ɗaya ce, an buɗe ko ba a buɗe ba. Kuma a kowace ƙofa, kafin matar gidan ta buɗe baki, kai kake riga ta da cewa khal ne aka toshe bai nuna ba, kuskuren matoshi ne, 'yarka ba ta da laifi. Mata sun san ka, iyayen wasunsu ma a wurinka suke sayen fillin. Abin da ka faɗa shi ya zauna, na ga fuskoki suna sakewa ɗaya bayan ɗaya.

A gida na goma sha bakwai kwalbar ta fashe a cikin buhun, gilas ya ratsa ya yanki Baba a tafin hannun dama, hannun da yake riƙe wuƙa da shi. Jini ya zuba sosai. Na ce mu tafi asibiti a ɗinke, ya ce saura goma sha biyu, kuma kowacce na iya yin haka a hannun wata yarinya. Na ɗaure masa da bandejin da ke motata, wannan ne kaɗai amfanin da karatuna ya yi a yinin nan biyu. Tabon yana nan har yau.

Abin da Hannatu ke tsoro shi ne a ce an ci. Gida bayan gida ana cewa ba a buɗe ba, don yawancinsu suna da ragowar na bara, wasu kuma sun gwada cire robar ta ƙi fita, saboda irin bugun da na yi mata. Gidan ƙarshe na Kaltuma ne a Khalidiyya. Da muka tambaya ta ce ai ta buɗe tun shekaranjiya. Kaltuma ta ce tana cire robar abin ya yi tsiri ya wanke mata fuska da kumfa, ta ji warin bai yi mata ba, ta tuntsurar da shi a magudana, ta yi shiru don kada Hannatu ta ji kunya. Ko ɗigo bai shiga tukunyarta ba. A nan ne Hannatu ta zauna a kan matakala ta fashe da kukan da ta riƙe kwana biyu, tana ta alhamdulillahi. Ni ma na juya na fuskanci mota na ɗan jima.

Saura gidan Malam Abdulazeez, inda abin ya faro. Bayan la'asar muka shiga majalisinsa, wato falon baƙinsa, akwai mutum huɗu ko biyar na unguwa, Nana Khadija da Hannatu suna jin mu daga bayan labule. Baba ya kwance ƙyallensa ya jera kwalaben nan uku a kan kafet. Ga sunan Hannatu da alli, ga ranar da aka kawo su, ga fillin ya ɗago kai a kan kowacce. Ya yi wa Malam bayanin ƙa'idarsa, ya ce matar da ke nufin wani abu daban ba za ta aiko a gwada mata ko khal ɗinta ya nuna ba, kuma shekara biyar ke nan tana aikowa. Malam ya ɗauki ɗaya ya duba rubutun, ya tambaya, to tunda fillin ya nuna bai kai ba, ta yaya aka ɗura?

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya Shaikh, saƙon ne bai isa daidai ba. Ni tsoho ne, Hausata ta cakuɗe da Larabci, wataƙila ban yi bayani yadda za a gane ba."

Ya ba ni ƙofa ke nan, a buɗe, in bi in fita da rawanina. Na kalli hannunsa da ke naɗe da bandejina, jini ya ɗan ɓullo ta tsakiya. Na ce, "Malam, bayaninsa ya fita sarai. Kwana ashirin ya ce. Ni na ƙi isar da saƙon, ni na sayo roba, ni na ɗura da hannuna. Hannatu ta tambaye ni ko Baba ne ya ce, na rufe mata baki da karatuna."

Sai Malam ya yi murmushi ya ce Allah ya rufa asiri, wanda aka toshe an zubar kuma haka ya dace, wanda ya rage a randa a bar shi har ya zama khal da kansa. Ya ɗaga murya yadda na bayan labule za su ji, ya ce a faɗa wa Hannatu bana ma suna jiran rabonsu in Allah ya sa ya nuna. Wani dattijo a gefe ya ce daga yau Duktur ya tsaya a kan ƙwayoyinsa, aka yi dariya, har da ni, kuma ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Ranar Litinin Hannatu ta koma karatu, Nana Khadija ta matsa mata wuri a kusa da ita. Abin da ya rage a randar ya nuna bayan sati uku, kwalba huɗu kacal ya bayar, ta farko gidan Malam ta tafi da fillin a bakinta.

Ranar da zai rufe shagon mun je da Hannatu. Ya riga ya rabar da kwalabensa, sai buzu da risho. Ya miƙa mata wuƙarsa, wadda ƙotarta ta lotsa daidai wurin babban yatsansa, da ɗan buhun fillin da ya ce zai kai ta shekara uku. Ni kuma ya laluba ƙarƙashin kanta ya ciro wata leda ya ba ni. Na buɗe na ga matosan robata ne, waɗanda ya ciro a gidajen nan, ya wanke ya adana shekara shida. Ya ce, "Ba su da laifi, Duktur, masu kyau ne. In khal ya gama nuna, za ka kai wa mutanen Zariya, ka sa su. Amma ka bari fillin ya fara magana."

Baba Ɗan'inna, mai wuƙa ɗaya, mai tabo a tafin hannu, mun gode. Na gode da sunan matata da ka tsare, da zamanmu a garin nan, da ƙofar da ka buɗe mini ranar nan ko da yake ban bi ta ba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara maka lafiya, ya haskaka idon da ya gaji a kan aikin mutane. Ku kuma 'yan'uwana masu takardu da muka cika asibitoci da ofisoshin ƙasar nan, akwai irinsa a lungunanku, masu gyaran famfo da masu ɗinki da masu wankin kwalba. In sun ce a jira, ku tambayi dalili kafin ku yanke cewa tsufa ne. Wanda kuma Allah ya ba sana'a komai ƙanƙantarta, ya riƙe ta yadda Baba ya riƙe tasa, har ya zama in ya yi magana a ƙofar gida an yarda.

Yanzu haka akwai kwalba uku a kan kantar kicin ɗinmu, Hannatu ta yanka musu fillin da wuƙarsa ta tura rabi, ta rubuta ranar da alli. Gobe ne kwana na uku. Nakan wuce in leƙa su safe da yamma, hannuwana a cikin aljihu.